Igiyar da Sabo Ya Riƙe

Abin da na fi tsoro a 'yan kwanakin nan shi ne a yi mini godiya. A da tsorona irin na masu aikin awo ne: kada in karanta ma'auni a karkace, kada in amince da aikin da ruwan farko zai tafi da shi. Wannan tsoro na saba da shi, har ina ganin shi ne ya sa na ci jarrabawa. Na yanzu kuwa dabam ne. Idan na hango wata tsohuwa ta sauke tulu tana gyara murya don ta sa mini albarka saboda rijiyar unguwarmu, sai in nemi wani lungu in bi.

Sunana Sharhabilu. Na dawo Wudil a farkon shekarar 1958 da takardar difloma daga makarantar fasaha a Kaduna, aka ɗora ni a kan duba kwalbatocin hanyar da ta nufi Darki. Mahaifina ya rasu ina makaranta, saboda haka na sauka a gidan ƙanwarsa, Gwaggo Indo, wadda take zaune da 'ya'yanta maza biyu. Babban shi ne Haladu, ƙaton mutum mai faɗin ƙirji, manomi da damina, mai yasar rijiyoyi da rani. Ƙaramin shi ne Sabo, maɗinki, siriri kamar ni, mai yawan ba'a. Da yake taubasaina ne, ba sa kirana da sunana sai Injiniya, kuma ba don girmamawa ba.

Rijiyar unguwarmu tsohuwa ce, mai zurfi, babu mai tuna wanda ya haƙa ta. A bakinta an gindaya wani gungumen ƙirya, a kansa ake jan guga. Igiyoyin shekara da shekaru sun yi masa kwaruruwa masu zurfi har yatsa kan shige. Tun ranar da na fara tsayawa a wurin ina kallon 'yan ga-ruwa da tsofaffin mata suna ja suna nishi, abin ya tsaya mini a rai. An koya mana a makaranta cewa duk inda abu biyu suke gogar juna, gogayyar tana cin wani kaso na ƙarfin mai aiki, ta mai da shi zafi da lalacewa. Na dubi gungumen nan na ga ɓarawo ne zaune a bainar jama'a, yana karɓar rabonsa daga kowane guga.

Sai na zana kura, wato gargaren ƙarfe mai kwari a gefensa inda igiya za ta kwanta, na kai wa wani maƙeri a bakin kasuwa. Na samo tsohon ƙarfen mota aka yi mata sandar da za ta riƙa juyawa a kai, aka shirya ginshiƙai biyu da za a rataye ta a saman tsakiyar rijiyar. Lissafin ƙarfin sandar nan na yi shi, na sake yi, na kuma bi ta wata hanya dabam na sake, domin ni ba na yarda da amsar farko. Gungumen ya tare inda ginshiƙan za su zauna. Da izinin mai unguwa aka ciccibe shi aka ba maƙerin, wanda ya yi murna ƙwarai, don babu gawayin da maƙera suka fi so kamar na ƙirya.

Ranar da aka fara ja da kura, wanda ya fara gwadawa shi ne Gwadabe mahauci, ɗan guntun mutum wanda harshensa ya fi wuƙarsa kaifi. Ya fito da guga cike, ya dire shi, ya dubi tafin hannunsa.

"Malam Injiniya," in ji shi, "ashe duk shekarun nan itace muke yi wa bauta. Wannan ai ko jaki ka ɗaura, da ɗan yatsa za a fito da shi."

Aka yi dariya. Na san maganar ba daidai ba ce. Kura guda ɗaya ba ta rage nauyin komai. Abin da ta yi kawai shi ne ta kawar da gogayya, ta kuma bar mutum ya riƙa ja ƙasa maimakon ya ja sama. Na buɗe baki in gyara, sai na ga bayanin zai yi tsawo, ga mai unguwa ya riga ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Na ɗaga hannu tare da kowa. Daga ranar kowa a unguwar ya san cewa kura tana mai da abu mai nauyi marar nauyi, kuma kowa ya ɗauka daga wajen mai difloma aka ji.

A unguwarmu yasar rijiya tana da ƙa'ida. Ana cewa fitowa ta jama'a ce, amma shiga ta mutum ɗaya ce. Idan mai yasa ya gama aiki, kowa zai kama igiya a jawo shi. Idan kuwa zai shiga, mutum guda ne zai riƙe masa, kuma shi mai shigar ne yake zaɓarsa daga cikin na jikinsa. Dalilin manya shi ne igiyar da mutum biyu suka riƙe ba ta da mai ita, kowa yana dogara da ɗan'uwansa. Mai riƙewa yakan naɗa igiyar zagaye biyu a jikin gungumen, ya koma baya yana sakar mata kaɗan-kaɗan. Tun rasuwar mahaifinsu Sabo ne yake riƙe wa Haladu. Na sha ganin haka ina yaro, ban taɓa tambayar kaina yadda siririn mutum yake riƙe ƙato ba.

Da bazara ta tsananta, ruwan rijiyar ya janye, guga ya fara fitowa da taɓo. Aka sa ranar yasa. Da safe na je na ɗiga wa kurar baƙin mai, na juya ta da hannu har sai da na daina jin ko ƙaramin ƙara. Haladu ya zo ya tuɓe riga, ya ɗaura guntun sandar da zai zauna a kai a ƙarshen igiya, ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen.

"Kai Injiniya, wannan abin naka zai ɗauke ni?"

"Zai ɗauki sa ma, Yaya Haladu. Na yi lissafinsa."

"To, da sauƙi, tunda ban kai sa ba."

"Saura dai ƙaho," in ji Sabo, yana tofa yawu a tafin hannunsa.

Gaskiya na faɗa. Sandar kurar za ta ɗauki sa. Tambayar da aka yi mini ita na amsa, ban dubi ɗaya ƙarshen igiyar ba.

Haladu ya yi bisimilla, ya zauna a kan sandar, ya tura kansa daga gaɓa. Abin da ya biyo baya bai kai tsawon numfashi biyu ba. Na ga igiya ta miƙe, na ga ƙafafun Sabo suna jan layi biyu a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar bakin rijiyar. Ya kafa dugadugai, ya kwanta baya, duk da haka tafiya yake yi. Ya bugi ginshiƙi da kafaɗa, ƙafafunsa suka bar ƙasa, hannuwansa suka nufi sama. Sai igiyar ta fara gudu a cikin tafinsa. Kurar tana juyawa sumul, babu ko ƙara. Daga ƙasa muka ji wani abu mai nauyi ya faɗa cikin taɓo.

Taɓon ne ya ceci Haladu, da ikon Allah. Ya amsa da aka kira shi, ya iya riƙe igiya. Maza suka kama, cikin ƙanƙanin lokaci aka fito da shi, cinyarsa ta dama a karye. Ina cikin waɗanda suka ɗauke shi zuwa gida. Muna tafe na ji wani dattijo yana cewa ba don kurar nan ba, da kafin a jawo shi a kan itace ya galabaita. Wannan ita ce godiya ta farko.

Kafin maɗori ya gama ɗaure kara, magana ta riga ta gama unguwa. Sabo ya saki igiya. Shekara nawa yana riƙe yayansa a kan gungume mai wuyar sha'ani bai saki ba, sai yanzu da aka kawo abin da ya sauƙaƙa komai? Aka tuna cewa kwana biyu kafin yasar maƙwabta sun ji su suna ɗaga murya a kan fadamar da mahaifinsu ya bari a bakin kogi, Sabo yana so a ware masa rabonsa, Haladu ya ce ba yanzu ba. Babu wanda ya fito fili ya haɗa maganganun biyu. Gwadabe dai yakan ce, idan yana yanka nama, shi bai ce komai ba, amma hannu ba ya buɗewa sai zuciya ta ba shi izini.

Ni kuwa tun muna ɗauke da Haladu wani abu yake sukata. Washegari da rana, a gindin wata tsamiya a hanyar Darki, leburori suna hutawa, na ɗauki tsinke na zana abin a ƙasa kamar yadda ake sa mu yi a aji: da'ira a sama, layi biyu sun sauko, mutum a ƙarshen kowane layi. Ban ma gama zanen ba amsar ta fito, domin aikin ɗan shekarar farko ne.

Abu ba ya tsayawa cik, ko ya sauka a hankali da gudu iri ɗaya, sai ƙarfin da ke jansa ta ko'ina ya yi daidai. Nauyin Haladu yana jansa ƙasa, saboda haka dole igiya ta ja shi sama da gwargwadon nauyinsa duka. Igiyar da ta bi ta kan kura mai santsi kuwa, jan da ke wannan ƙarshe shi ne a wancan, ba ragi. Kuma duk yadda Sabo ya ja igiya, haka igiyar take jansa. Mutumin da yake jan igiyar da ta fito daga sama ba zai iya ja fiye da nauyin jikinsa ba, komai ƙarfin damtsensa da komai tsarkin zuciyarsa. Idan abin da ke wancan gefe ya fi shi nauyi, shi za a ɗaga. Abin da ya rage masa shi ne kamun ƙafarsa da ƙasa, ƙasar kuwa jiƙaƙƙiya ce. Ragowar nauyin da Haladu ya fi shi ba ta da mai tare ta, ita ce ta yi ta ƙara wa faɗuwar gudu.

Sa'an nan na zana gungumen. Gogayya ba ta da ɓangare, ita dai tana adawa da duk inda igiya ta nufa. Ga mai jan guga sama, abokiyar gaba ce. Ga mai saukar da mutum ƙasa, ita ce take ɗauke kusan dukan nauyin, kowane zagaye yana cinye mafi yawan abin da na gabansa ya bari, har abin da zai iso hannun mai riƙewa ko tsohuwa za ta iya da shi. Duk shekarun nan su biyu ne suke riƙe Haladu, Sabo da itacen ƙirya. Ni na ɗauke ɗaya na ba maƙeri ya yi gawayi, na bar ɗaya, na kuma zuba mai.

Na shafe zanen da ƙafa kafin leburori su tashi. Wannan ma ina lissafa shi cikin abin da na yi.

Da yamma na shiga ɗakin Haladu. Yana kwance a kan tabarma, ƙafar a miƙe cikin kara, ɗakin yana warin man shanu da sassaƙe.

"Sannu, Yaya Haladu. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Injiniya. Maɗori ya ce kafin a yi girbi zan taka."

"Allah ya ƙara sauƙi. Sabo ya shigo kuwa?"

Ya juya fuska wajen bango. Can ya ce, "Ƙarfenka bai ba ni kunya ba. Ka ce zai ɗauke ni, ya kuwa ɗauke ni."

Na fito na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana kaɗi. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ina da magana. Na tsara ta tun a hanya, amma da na fara sai ta fito da sarƙaƙiya, ina nauyi, ina gogayya, ina gungume.

"Gwaggo, abin da nake nufi, ba Sabo ba ne. Kurar ce. Ni ne."

Ta tsai da mazari, ta dube ni da idanun da suka kwana ba barci.

"Ɗan nan, kana da zuciya irin ta ubanka. Shi ma haka yake, idan an yi ɓarna a gida sai ya ce shi ne, don a bar dukan wani. Kurarka ce ta fito mini da ɗa da rai. Kowa ya gani."

"Gwaggo, ki saurare ni."

"Na saurare ka. Ni ban ce da gangan ya yi ba, Allah ya kiyaye bakina. Amma su biyun ni na haife su, kuma ɗaya ba ya iya jin sunan ɗaya. Ka bar ni da abin da ya dame ni." Ta murza mazarin ta ci gaba.

Sabo ya daina kwana a gida. A shagonsa na bakin kasuwa yake, ana aika masa tuwo a can. Ranar Laraba na same shi zaune a kan benci, hannuwansa duka biyu a naɗe da tsumma, rigunan mutane a ninke an jera su don masu su su zo su karɓa ba a ɗinka ba.

"Injiniya. Ka zo awon kwalbati ne a shagona?"

Muryar ba ta ba'a ba ce, kalmomin ne kawai suka rage. Ya gaya mini cewa ya yi magana da masu kora shanu zuwa kudu, idan an tashi kasuwa ranar Juma'a zai bi su. Na tambaye shi yaushe zai dawo. Ya ce hanya ce za ta faɗa.

Na zauna na yi masa bayani, wannan karon a tsanake. Na ɗauki zare na rataya a kan ƙusa, na ɗaura almakashi a gefe ɗaya, ɗan maɓalli a ɗaya gefen, na saki. Ya kalli almakashin ya faɗi, ya kalli maɓallin ya yi sama.

"To, ni ne maɓallin ke nan."

"Ba wasa nake ba, Sabo. Ko wane ne mai nauyinka, haka za ta faru da shi."

"Na ji. Ka kyauta, Allah ya bar zumunci." Ya ɗaga hannuwansa da ke naɗe. "Amma lissafinka ba shi da yatsu. Ni na san lokacin da nawa suka buɗe. Na ji zafi, na ce ba zan iya ba, suka buɗe. Kullum sai na koma wurin nan in ga ko da na ƙara daurewa kaɗan."

"Da ka ƙara daurewa, da kurar ta niƙe maka yatsu, shi kuma ya faɗi duk da haka."

"Ka ga guga yana fitowa kamar auduga, kai da kanka ka kawo abin. Yanzu kuma ka ce shi ne ya fi itace wuya. Wa zai yarda? Ni ma da nake so in yarda na kasa."

Na fito daga shagon da wata tambaya da ban shiga da ita ba. Idan kuma shi ne da gaskiya fa? Na riga na yi kuskure sau ɗaya ina cike da tabbaci. Zane a ƙasa da almakashi a kan ƙusa ba su isa in tsaya gaban mutane in ce abin da idonsu ya gani ba haka yake ba. Akwai kuma wata murya a ƙasan wannan, wadda ba na alfahari da ita, tana cewa idan gwaji ya nuna za a iya riƙewa, to na huta.

Ranar Alhamis bayan azahar, lokacin da rana take korar kowa daga bakin rijiya, na aro kwanon sarki daga wurin aikinmu da buhu biyu, na saka ɗaya cikin ɗaya. Na ajiye buhun a daidai gaɓar rijiyar, na yi ta ɗebo yashi ina zubawa. Na san nauyin Haladu, tunda kafaɗata ta ɗauki rabonta. Na tsaya kafin in kai can, don kada in zalunci gwajin. Na ɗaure bakin buhun da igiyar, na kuma ɗaure jelar igiyar a gindin ginshiƙi, na bar tsawon da buhun zai tsaya a rabin zurfi, kada ya faɗa ya ƙara cike rijiyar da ba a gama yasa ba. Na duba kowane ƙulli. Na koma inda Sabo ya tsaya, na kafa ƙafafuna, na yi bisimilla, na ja har buhun ya tunkuɗo daga gaɓa.

Na yi niyyar in lura da komai, in san lokacin da ƙafata za ta fara zamewa. Ban lura da komai ba. Wani abu ya fizge ni gaba, gwiwata ta daki ginshiƙi, na ji wuta a tafina, sai ga ni zaune a taɓo hannuwana a buɗe. Ban yanke shawarar buɗe su ba. Igiya ta ƙare ta yi tsam, ginshiƙan suka girgiza, buhun ya tsaya yana lilo a cikin duhu.

Na daɗe a zaune ina kallon fatar da ta saluɓe. Sa'an nan na tashi in fito da buhun kafin mutane su zo, sai na gane abin da ban shirya masa ba. Abin da ya fi ni nauyi wajen sauka, ya fi ni nauyi wajen hawa. Na kama igiya na rataya da dukan jikina, buhun bai motsa ba.

A haka Gwadabe ya same ni, ya zo da guga zai wanke wuƙaƙensa.

"A'a, Malam Injiniya, lilo ake yi? Ko an ƙara muku wannan a difloma?" Ya leƙa rijiyar. "Me ka rataye a ciki?"

"Buhun yashi ne."

"Yashi ake fitarwa daga rijiya, kai kana mayarwa. Kauce in fito maka da shi, kada a ce a unguwarmu boko ya taɓa wani."

Ya naɗe hannun riga, ya kama da hannu ɗaya, yana kallona yana murmushi. Ya ja. Ya ƙara ɗaya hannun. Ya kafa ƙafa a ginshiƙi, jijiyoyin wuyansa suka fito, ya yi tsalle ya rataya, ƙafafunsa suna reto a iska kamar ɗan akuyar da aka ɗaga. Ya sauko yana haki.

"Ƙarfen ya ci ne?"

"Bai ci ba. Da safe na ga ana ja da shi."

"To me ka zuba a buhun nan, duwatsun gada?"

"Yashi ne kawai. Bai kai nauyin Haladu ba."

Ya dubi igiyar, ya dubi hannuwana.

Lokacin la'asar ya matso, mutane suka fara zuwa ɗiban ruwan alwala. Suka taru suna leƙe suna tambaya. Mai unguwa ya iso yana dogara sanda, aka ba shi hanya. Ya dubi taɓon da ke jikin wandona, ya ga jini a hannuna, ya yi abin da dattijo yakan yi idan yana so ya rufa wa mutum asiri.

"Ba komai, Malam gwaji yake yi, aikinsu ne. Ku samari, ku kama ku fito masa da kayansa, mutane su sami ruwa. Malam, ka je gida a sa maka magani. Mutanen Kausani ma sun aiko suna so ka je ka duba tasu rijiyar."

Maza huɗu suka matso suna miƙa hannu. Na san abin da zai faru. Su huɗu za su ja, buhun zai taho kamar auduga, wani zai ce kun gani, kurar lafiyarta lau. Gwadabe zai mai da abin labarin ban dariya na kwana biyu. Gobe a tashi kasuwa, shanu su haye gada, Sabo yana bayansu. Babu wanda zai ce na yi ƙarya, domin ban faɗi komai ba.

Na shiga tsakaninsu da igiyar.

"Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri, kada kowa ya taɓa igiyar nan sai mutum ɗaya-ɗaya, kamar yadda Sabo ya riƙe ta. Duk wanda yake ganin zai iya, ga ta nan, ya gwada. Ni zan je shago in zo da Sabo, in roƙi Gwaggo a ɗauko Yaya Haladu a kan gado a kawo shi nan. A gabansu zan faɗi abin da gungumen nan yake yi da ni na sa aka cire shi. Buhun nan ba zai fito ba sai su biyun sun gani da idonsu."